Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Jiki da na Gida Kafin Neman Shiga Sojan Ƙundumbala

A Coronado, bakin teku a jihar Kaliforniya ta Amurka, inda ake horar da sojojin ruwa na ƙundumbala da ake kira SEAL, akwai wata ƙararrawar tagulla. Wanda ya ji ya kai iyaka ba sai ya yi dogon bayani ba. Zai je ya kaɗa ta sau uku, ya cire hular kwanonsa ya ajiye a layi kusa da na waɗanda suka riga shi. Kafin a gama horon nan na wajen mako 24, kusan uku cikin huɗu na waɗanda suka fara sun fita, wasu ta ƙararrawa, wasu ta hannun likita. Kuma duk cikinsu babu rago, don kowannensu sai da ya ci jarrabawar ƙarfin jiki kafin a buɗe masa ƙofa.

To me ya fitar da su? Wasu sanyin ruwa da rashin barci ne suka karya musu zuciya. Wasu rauni ne: ƙwauri ya tsage, gwiwa ta kumbura, tafin ƙafa ya saluɓe cikin takalmi. Wasu kuma gangar jikinsu ce kawai a filin horo, hankalinsu yana gida, inda suka bar mace da tsohon ciki da bashin da ba ta san da shi ba. Ƙarfe uku na dare, kana jiƙe sharkaf kana kaɗa haƙora, zuciya neman hujjar tafiya take yi, kuma matsalar da ka baro a gida ita ce hujjar da ta fi saurin samu. Huhu da tsoka suna ginuwa cikin 'yan makonni. Ƙashi da yardar iyali watanni suke ci, shi ya sa a nan zan fi daɗewa a kansu.

Ina cewa "ka" ne don yawancin masu nema maza ne, amma maganar ta shafi mata. Mata uku sun kammala makarantar Ranger, wato ta horo mai tsanani ta sojan ƙasa na Amurka, a 2015, kuma Birtaniya ta buɗe wa mata dukkan guraben soja, har da na ƙundumbala, a 2018.

Mataki na farko: takarda da likita, kafin gumi

Kowace ƙasa da irin ƙofarta. Rundunar ƙundumbala ta SAS ta Birtaniya, wadda David Stirling ya kafa a 1941 a hamadar Arewacin Afirka, ɓangarenta na dindindin daga cikin sojojin da ke kan aiki yake ɗiba. Amurka kuwa tana da kwantiragin da farar hula zai sa wa hannu ya nufi tantancewa kai tsaye, irin wanda sojan ƙasa ke kira 18X. Saboda haka ka fara sanin ta wace ƙofa za ka bi: sai ka yi shekaru a rundunar gama-gari, ko akwai hanya miƙaƙƙiya? Ka samo sharuɗɗan bana daga ofishin ɗaukar soja ko shafin rundunar na hukuma, don ana canja su. Ka duba iyakar shekaru, matakin karatu, da abin da ake cewa game da tarihin aikata laifi. Wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya sa sunanka a jerin, kuɗinka yake so.

Daga nan sai asibiti, tun kafin ka sayi takalmin gudu. A duba ido, har da gwajin bambance launi, don mutane da yawa ba su san ba sa rarrabe ja da kore ba sai ranar da aka buɗe musu littafin ɗige-ɗigen nan. A duba ji, hawan jini, zuciya, haƙora, asma, da duk tsohon karaya ko tiyata. A duba rukunin jini na sikila. Mai AS yakan rayu lafiya ƙalau, da yawa ma suna aikin soja, amma yana da ƙarin haɗarin yanke jiki ya faɗi idan wahala mai tsanani ta haɗu da zafi da ƙishirwa ko hawan tsauni, kuma dole shi da masu horar da shi su san haka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ciwon da ka ɓoye wa likita, jaka mai kilo 25 za ta tona shi a mako na biyu, sannan ga laifin ƙarya a kan takarda.

Mataki na biyu: auna kanka ba sani ba sabo

Ɗauki jarrabawar shiga SEAL a matsayin misali, don adadinta sananne ne. Iyo na yadi 500, wato kusan mita 457, cikin minti 12 da daƙiƙa 30. Hutun minti 10. Turin ƙasa da hannu, abin da masu motsa jiki ke kira fushof, guda 50 cikin minti 2. Tashi-zaune na ciki guda 50 cikin minti 2. Jan jiki a ƙarfe har haɓa ta wuce shi sau 10. Wani hutun minti 10, sai gudun kilomita 2.4 cikin minti 10 da rabi. A da, makarantar Ranger ta daɗe tana neman gudun kilomita 8 cikin minti 40.

Abu biyu nake so ka gani a nan. Na ɗaya, wannan adadi na shiga layi ne kawai. Waɗanda ake zaɓa a gaske sukan kusa ninka turin ƙasa da jan ƙarfe, su kuma rage minti ɗaya ko fiye a gudu. In kana cin mafi ƙarancin maki da kyar ranar da ka ƙoshi ka yi barci, ranar da ba ka yi ba za ka faɗi. Na biyu, jerin yana da ma'ana. Gudun da ka yi da sabon jiki daban yake da wanda ka yi bayan iyo ya shanye maka kafaɗu. Don haka ka yi gwajin yadda za a yi maka shi: jeri ɗaya, hutu ɗaya, agogo a hannun wani.

Wanin nan kuma kada ya zama mai jin kunyarka. A turin ƙasa, in ƙirji bai sauka yadda ake so ba, ko ƙugu ya lanƙwashe, mai ƙirga na gaske zai yi ta maimaita lamba ɗaya: "sha bakwai, sha bakwai, sha bakwai." Mutum ya zo da saba'in ɗinsa na gida, a ƙirga masa arba'in. Ka rubuta sakamakon a littafi da kwanan wata, ka maimaita duk bayan mako huɗu zuwa shida. Fiye da haka ɓata ranakun gini ne.

Mataki na uku: gudu, da maganar ƙashi

Mai motsa jiki dama can ya ware wata shida. Wanda zai taso daga zaune ya ware shekara, kuma ba na jin an yi masa tsauri.

Dalili yana cikin ƙashi. Idan ka fara gudu, numfashinka zai gyaru cikin makonni kaɗan, sai ka ji kamar ka iya ninka tafiyar. Ƙashi kuwa yana sabunta kansa ne ta hanyar rushe tsoho kafin ya gina sabo, don haka akwai lokacin da ya fi rauni daidai sa'ad da kai kake jin ka fi ƙarfi. A nan ake samun siririyar tsagewa a ƙwauri ko a ƙasusuwan tafin ƙafa. Na tafin ƙafar ma tun ƙarni na 19 likitocin soja suka san shi a jikin sojojin da ke doguwar tafiya. Alamarsa: ciwo a wuri ɗaya tak da za ka iya nunawa da ɗan yatsa, wanda ke ƙaruwa in ka ci gaba da gudu, daga baya har a tafiya ko a kwance. Wannan ba gajiyar tsoka ba ce. Ka tsaya, ka ga likita. Mako biyu na hutu yanzu ya fi wata uku da sandar dogarawa. Ciwon can sama a matse-matsi ko ƙugu ya fi wannan haɗari, don yana iya zama wuyan ƙashin cinya, kuma shi ba a yi masa jinkirin ko kwana ɗaya.

Yawancin gudunka, kamar kashi huɗu cikin biyar, ya zama a hankali, irin wanda za ka iya hira kana yi. Samari ba sa son jin wannan, gani suke ɓata lokaci ne, alhali shi ke gina zuciya da jijiyoyi ba tare da ya ƙone mutum ba. Sau ɗaya a mako ka yi na sauri: mita 400 ko 800 a saurin da kake so ka kai ranar jarrabawa, ka huta, ka maimaita sau shida zuwa takwas. Sau ɗaya kuma doguwar tafiya a hankali. Jimlar kilomitocin mako kada ta yi tsalle. Ƙarin kashi ɗaya cikin goma ya isa, kuma kowane mako na huɗu ka rage don jiki ya cike giɓi. In kana son ma'auni mai sauƙi, ga gwajin da likita Kenneth Cooper ya tsara wa sojojin saman Amurka a 1968: nisan da za ka iya gudu cikin minti 12.

Ƙarfe kuma sau biyu ko uku a mako, amma ba don madubi ba. Tsugunno da nauyi, ɗaga nauyi daga ƙasa, hawa benci da ƙafa ɗaya, tafiya riƙe da nauyi a hannu biyu. Damtse mai girma kaya ne da za ka ɗauka kana hawan dutse. Turin ƙasa da jan ƙarfe sun fi ƙaruwa idan ka yi su ƙanana-ƙanana sau da yawa, kana tsayawa kafin hannu ya mutu, maimakon ka kashe kanka rana ɗaya ka kwana uku ba ka iya ɗaga kofi.

Ci da barci su ne rabin aikin. Furotin kamar giram 1.6 zuwa 2 ga kowane kilo na nauyinka a rana, abinci mai ba da kuzari isasshe, barci sa'a bakwai zuwa tara. Mai rage ci don ya bushe alhali yana ƙara gudu, ƙashinsa yake ci.

Mataki na huɗu: jaka da ƙafa

A tantancewar sojan ƙasa, jakar baya ita ce alƙali. A tsaunukan Brecon Beacons na Wales, masu neman SAS suna yin tafiyar kilomita 24 da ke haye dutsen Pen y Fan mai tsayin mita 886, sannan a ƙarshen zangon su yi ta kimanin kilomita 64 da jaka mai wajen kilo 25, ban da bindiga da ruwa, cikin sa'a 20. Ma'aunin da sojan Amurka ya saba da shi kilomita 19 ne cikin sa'a 3 da jaka mai kusan kilo 16, wato kowace kilomita cikin minti tara da 'yan daƙiƙoƙi.

Kada ka fara da waɗannan. Ka fara da kilo 10, kilomita 5, sau ɗaya a mako, bayan ka yi aƙalla wata biyu kana gudu lafiya. Kowane mako abu ɗaya za ka ƙara, ko nisa ko nauyi, ba duka biyu ba. Sau biyu a mako shi ne iyaka. Ka koyi tafiya da sauri da gajeren taku. Gudu da jaka mai nauyi a kan kwalta gwiwa yake ci, ka bar shi sai inda dole ta sa. Nauyin ya zauna sama, manne da baya tsakanin kafaɗu, ba ya reto a ƙugu ba.

Yanzu ƙafa, wadda mutane ke raina ta har ta kayar da su. Takalmin but ɗin da za ka je da shi ya zama ka yi makonni kana tafiya da shi, kuma ya ɗan fi ƙafarka, don ƙafa tana kumbura bayan sa'o'i. Safar auduga tana riƙe gumi. Ta ulu ko ta zaren roba ta fi. Ka yanke farce a miƙe, kwana biyu ko uku kafin doguwar tafiya, ba a daren ba. Kana cikin tafiya za ka ji wani wuri a diddige ko gefen babban yatsa ya fara ɗumi kamar an ɗora masa garwashi ƙarami. Wannan ne lokacin tsayawa, ba bayan bororo ya fito ba. Ka zauna a kan jakar, ka cire takalmi, ka share ƙafar ta bushe, ka manna filasta a shimfiɗe ba tare da ta naɗe ba, ka canja safa, ka rataya jiƙaƙƙiyar a bayan jaka ta sha iska. Minti huɗu ke nan. Wanda ya ƙi ba da minti huɗun nan zai yi sauran kilomita goma sha biyar yana ɗingishi, ɗingishin ya sauya masa taku, takun ya taɓa gwiwa.

Ka haɗa tafiyar jaka da koyon taswira da kamfas, ba waya. A sansanin Mackall da ke Karolina ta Arewa, inda ake tantance sojan ƙasa na musamman na Amurka cikin kimanin mako uku, ana sakin mutum shi kaɗai cikin daji da dare ya nemo wurare a taswira, kuma masu ƙarfi da yawa a nan suke zubewa. Ka san taku nawa kake yi a mita 100, a fili da kuma a hawa, da jaka da kuma babu. A can kuma malamai ba sa yabo ba sa zagi, rubutu kawai suke yi, sannan abokan tafiyarka ma ana tambayarsu ra'ayinsu a kanka. Mai ɓuya idan an zo ɗaukar kaya mai nauyi, sunansa yana fitowa.

Ruwa

In rundunar da kake nema tana da iyo, ka nemi malami. Iyo fasaha ce. Mai ƙarfi marar fasaha dambe yake yi da ruwa, ruwa kuma ba ya gajiya. Ka koyi iyon gefe da na ƙirji, da tsayuwa a ruwa mai zurfi ba tare da taɓa komai ba. Doka ɗaya ba ta da sassauci: kada ka taɓa gwada riƙe numfashi a ƙarƙashin ruwa kai kaɗai, kuma kada ka yi ta jan numfashi da sauri kafin ka nutse. Yin hakan yana kashe ƙararrawar da ke gaya wa jiki ya nemi iska, sai mutum ya suma shiru a ƙasan ruwa. Gwanayen iyo ne yake kashewa.

Abubuwan da ke kisa, da wanda ba a atisayensa

A watan Yulin 2013, sojojin wucin gadi uku sun mutu sanadin zafi a tafiyar tantancewar SAS a Brecon Beacons, ƙasar da aka fi sani da sanyi da ruwan sama. Jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 yana aiki a hankali cikin zafi kafin ya saba. Idan abokin atisayenka ya fara magana ba kan gado, ko tangaɗi, ko faɗa ba dalili, bugun zafi ne har sai an tabbatar ba shi ba ne: a cire masa kaya, a jiƙa shi da ruwan sanyi nan take, a nemi asibiti. Kishiyar wannan ma tana kisa, wato ɗirkar ruwa zalla fiye da kima har gishirin jini ya ragu. Sannan idan bayan atisaye mai tsanani tsoka ta kumbura, fitsari ya koma baƙi-baƙi, tsoka ce ke narkewa cikin jini tana toshe ƙoda. Asibiti a ranar. Shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen don a danne a ci gaba, cikin zafi da ƙishirwa, ƙodar yake ƙara wa nauyi.

Allurai da ƙwayoyin ƙara ƙarfi kuwa ka nisance su. Bayan wani matashi ya rasu a Fabrairun 2022, sa'o'i kaɗan da kammala "Makon Jahannama" na SEAL, binciken da ya biyo baya ya taɓo yaɗuwar irin waɗannan ƙwayoyi tsakanin masu neman shiga, kuma rundunar ta fara gwajin gano masu shan su a 2023.

Makon nan kwana biyar da rabi ne, barcin cikinsa duka bai fi sa'a huɗu ba. Wasu sukan ce bari su fara hana kansu barci tun a gida don su saba. Ba a sabawa. Abin da za ka samu shi ne jiki marar warkewa da rauni a banza. Abin da ake iya koya shi ne yin aiki daidai alhali ba ka so: tashi a lokacin da ka sa, fita cikin ruwan sama, gyara kayanka kafin ka kwanta duk gajiya.

Mataki na biyar: mutanen gida

Wannan ba a barinsa sai an kira sunanka. Ranar da ka fara atisaye, ranar ya kamata a fara maganar, don shekarar shirin ita kanta iyali ne ke biyan ta: asubar da ba ka nan, yammacin da ka dawo ba ka iya ɗaukar yaro, kuɗin takalmi da na abinci.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kawo maganar a matsayin sanarwa. Mutum ya gama yanke shawara, ya cike fom, sannan ya zauna ya ce, "Maman yara, akwai wani ɗan kwas da zan je." Ba ɗan kwas ba ne, kuma ranar da ta gano haka daga bakin wani, abin da ya karye ya fi ƙashi wuyar ɗori. Ka faɗa mata yadda abin yake. Tantancewa makonni ce, ba waya. In an ci, horon da ke biye yakan kai shekara ko fiye. Bayan nan rayuwar ita ce atisaye nesa da gida, tafiyar aiki ta watanni, kiran da zai zo ana tsakiyar cin abinci, da wuraren da ba za ka iya gaya mata sunansu ba. Za a yi haihuwa ba ka nan, za a yi rashi ba ka nan. Akwai yiwuwar rauni, akwai yiwuwar mutuwa. Wanda ya dawo lafiya ma yakan dawo da gwiwa da baya da suka tsufa kafin shekarunsu, da kunnen da ya rage ji, wani lokaci da barcin da ba ya zuwa.

Sai ka yi shiru ka saurara. Wataƙila ta ce, "Baban yara, ni ba mutuwar ce ta fi tsorata ni ba. In yaron nan ya kama zazzaɓi ƙarfe biyu na dare, wa zan kira?" Wannan tambaya ce mai amsa, kuma amsarta aikinka ne kafin ka tafi: suna, lambar waya, da mutumin da ka riga ka je ka roƙa da bakinka ya kuma amsa. In ta ce ba ta yarda ba, kada ka ɗauka gardama ce da za ka ci da dabara. Ka ba ta lokaci, ka haɗa ta da matar wani da ke cikin aikin ta ji daga wadda ta ɗanɗana. In har bayan watanni tana nan a kan a'a, to kana da shawara mai nauyi a gabanka, kuma gara ka yanke ta a falo da ka yanke ta a gaban ƙararrawa. A ganina, mai jaririn wata biyu ko mai jinyar mahaifi ya ɗaga tafiyar zuwa zagaye na gaba in shekarunsa sun ba shi dama.

Uwa kuma tata maganar daban. Ba ta buƙatar adadin kilomita. "Mama, aikin da nake nema ya fi na sauran soja haɗari, kuma za a riƙa daɗewa ba ki ji muryata ba. Na zo ki sani daga bakina, ki sa mini albarka." Za ta yi kuka ko ta yi shiru. Ka zauna har ta gama.

Bayan magana sai takardu, a jaka ɗaya da matarka ko wanda ka amince da shi ya san inda take:

- wasiyya a rubuce, da shaidu, bisa dokar inda kake;
- takardar wakilci daga lauya, wadda za ta ba wani ikon sa hannu a madadinka a banki, haya ko makarantar yara;
- fom ɗin rundunar na wanda za a sanar da wanda zai karɓi haƙƙoƙinka, a sabunta shi bayan aure ko haihuwa, don sunan da ke kan takarda shi hukuma ke bi;
- takardun aure, na haihuwa, na asibiti da na inshora;
- jerin bashi, wanda ake bin ka da wanda kake bi, har wanda kake jin kunyar faɗa.

Ka tara abin da zai riƙe gida wata uku zuwa shida, don albashi yakan yi tangarɗa lokacin sauya runduna. Ita ta riƙa biyan kuɗin wuta da haya da hannunta tun kana nan, ta saba da asusun da lambobinsa. Wanda ke renon yara shi kaɗai, ko wanda matarsa ma soja ce, sojan Amurka ma tilasta masa yake ya kawo rubutaccen tsarin wanda zai riƙe yaran; ko ba a tilasta maka ba, ka yi.

Ku yi yarjejeniya a kan shiru. Rashin kira ba labari ba ne. Mummunan labari ta hanyar hukuma yake zuwa, a Amurka da Birtaniya ma jami'ai ne ke zuwa har ƙofar gida in rasuwa ce, don haka baƙuwar murya a waya da ke cewa ka ji rauni a turo kuɗi, ɗan damfara ne. Ka ba su lambar ofishin kula da iyalai na rundunar. Su kuma nasu aikin shi ne riƙe baki: ba hotonka da kaki a Facebook, ba "ku taya mu addu'a ya tafi wuri kaza ranar kaza." A 2018 taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa ta fallasa siffar sansanonin soja a ƙasashe da dama, kawai saboda sojoji suna gudu sanye da agogon da ke naɗar hanyar da suka bi. In agogo ya iya haka, balle dangi mai son ba da labari.

Yara ƙanana ba su san "wata huɗu" ba. Ka ɗaura musu shi a kan abin da suke gani, kamar bayan an yi hutun makaranta, kuma kada ka ba da takamaimiyar rana, don ranar dawowar soja tana gusawa. Ka naɗa musu muryarka kana ba da labari. Ka kuma shirya wa ranar da za ka dawo ɗan shekara biyu ya ɓuya bayan uwarsa yana kallonka kamar baƙo. Gidan ya koyi tafiya ba kai. Ka shigo a hankali, kada ka fara da sauya dokokin da ta kafa.

Saura magana ɗaya da ba a son yi: in ba ka ci ba fa? Lissafi ya nuna mafi yawa ba sa ci. Ka karanta kwantiragin da idon basira, don a yawancin rundunoni wanda ya faɗi ba gida yake komawa ba, ana mayar da shi rundunarsa ko a tura shi inda ake da buƙata har ya cika shekarun da ya sa wa hannu. Ka tambayi sau nawa ake barin mutum ya sake gwadawa, da tsawon jiran da ke tsakani. Iyali su san wannan tun farko, don kada kunyar dawowa ta sa ka ɓoye tsagaggen ƙashi ka ci gaba da tafiya a kansa.

Mako biyun ƙarshe

Ba abin da za ka ƙara wa jikinka a kwana goma sha huɗu, amma akwai da yawa da za ka iya ɓatawa. Ka yi cikakken gwaji na ƙarshe saura mako biyu. Daga nan ka rage yawan atisaye zuwa rabi, ka bar ɗan sauri kaɗan don ƙafa kada ta yi sanyi, ka ajiye jaka mai nauyi saura kwana goma. Ba sabon takalmi, ba sabon abinci, ba wasan ƙwallon da za a taka maka idon sawu. In wurin tantancewar ya fi inda kake zafi ko tsayi, ka isa da wuri in an yarda.

Kayan da aka rubuta a jerin, ka shirya su daidai yadda aka rubuta, ka sa suna a kowanne, ka shimfiɗa su a ƙasa ka ƙirga sau biyu. Ranakun da atisaye ya saki, na gida ne: ka gyara famfon da ke ɗiga, ka kai yaran makaranta da kanka, ka zauna da ita ku buɗe jakar takardun nan ku bi su ɗaya bayan ɗaya, ta kira lambar ofishin iyalai a gabanka ku tabbatar tana shiga.